Ƙauyen Konk da sata biyun da suka raya shi

A kudancin Faransa, cikin gundumar Aveyron, kimanin kilomita 40 arewa da birnin Rodez, akwai wani ƙauye da matafiyi ba ya hango shi sai ya zo kansa. Hanya tana ta murɗawa tsakanin duwatsu da kurmi, can sai ƙasa ta buɗe kamar ƙwarya, ga gidaje sun maƙale a jikin gangare, wani bisa wani, rufinsu na fallayen dutse masu ruwan toka, a tsakiyarsu kuwa wata majami'a mai hasumiya uku wadda girmanta ya fi ƙarfin garin nesa ba kusa ba. Sunan ƙauyen Conques a rubutun faransanci, a baki kuwa Konk. Asalin kalmar latinanci ne, tana nufin ɓawon ƙumba, saboda haka siffar kwarin take a inda rafin Ouche yake gangarawa ya faɗa kogin Dourdou.

Duk wanda ya tsaya a bakin wannan kwari sai ya tambayi kansa abin da ya kawo irin wannan gini a nan. Wurin ba shi da ƙasar noma ta kirki, ba shi da kogin da jirgi zai bi, ba a taɓa kafa gadon sarauta a cikinsa ba. Amsar tana cikin tarihin garin, kuma tarihin nan ya rataya ne a kan sata guda biyu, tsakaninsu shekara fiye da 900. Ta farko malaman addini ne suka yi ta, ita ta haifi garin. Ta biyu talakawan garin ne suka yi ta, ita ta hana dukiyarsa salwanta.

A ƙarshen ƙarni na 8 wani mutum mai suna Dadon ya guje wa duniya, ya zo wannan kwari ya zauna shi kaɗai yana ibada. Kamar yadda aka saba, kaɗaicin bai daɗe ba: wasu suka biyo shi, suka gina ɗakin addu'a, suka ɗauki ƙa'idar Benedikti, wadda ta raba ranar ɗan zuhudu tsakanin addu'a da karatu da aikin hannu, ta kuma hana shi aure da mallakar dukiya ta kansa. A shekara ta 819 sarki Luwi, ɗan Sharlaman, ya ba wannan gidan zuhudu takardar kariya da filaye. Sai dai kariyar sarki ba ta cika ciki, kuma wurin ya yi nisa da komi. A shekara ta 838 sarkin Akiten, Pepin na ɗaya, ya ba su wani wuri mai sauƙin rayuwa a Figeac, a cikin kwari mai ni'ima, har aka kira shi sabon Konk. Da yawa suka koma can. Waɗanda suka rage a tsohon gida suka gane cewa in ba su samo abin da zai jawo mutane gare su ba, to kurmi zai cinye su.

A Turai ta wancan zamani, abin da ke jawo jama'a zuwa gidan ibada shi ne ƙasusuwan waliyyi. Kiristoci sun yi imani cewa albarkar bawan Allah tana nan tare da ƙashinsa, mai ciwo zai iya samun lafiya a kusa da shi, wanda aka zalunta zai iya kai kukansa. Inda ƙashi yake, nan masu ziyara suke zuwa, inda masu ziyara suke zuwa kuwa nan sadaka da kyauta da kasuwa suke taruwa. Konk ba ta da waliyyi ko ɗaya. Amma a birnin Agen, can yamma, akwai kabarin wata yarinya da aka kashe wajen shekara ta 303, a zamanin sarkin Rum Diyokiletiyan, tana da shekara 12 ko 13, saboda ta ƙi yin hadaya ga gumakan Rumawa. Sunanta Fides a latinanci, Foy a faransanci, ana furta shi Fwa, ma'anarsa Imani.

Littattafan gidan zuhudun da kansu ne suka ba da labarin abin da ya biyo baya, kuma ba su ɓoye komi ba. An aika wani ɗan zuhudu mai suna Ariviscus zuwa Agen. Ya shiga cikin malaman da ke tsaron kabarin a matsayin baƙo, ya zauna da su shekara goma yana nuna ladabi da tsoron Allah, har suka yarda da shi suka danƙa masa makullin wurin. Wata ranar idi, jama'a suna wajen cin abinci, sai ya fasa kabarin, ya kwashe ƙasusuwan a jaka, ya bi dare ya nufi gida. Masana tarihi suna ɗora wannan al'amari a wajen shekara ta 866. Marubutan Konk ba su kira shi laifi ba. A ganinsu, da waliyyiyar ba ta so tafiyar ba, da ba wanda ya isa ya ɗaga ƙashinta, tun da ta bari an ɗauke ta, ita ce ta zaɓi sabon gida. Mutanen Agen kuwa, da aka ci amanarsu bayan shekara goma ana cin tuwo tare, ba a rubuta mana irin hujjar da suka ji ta gamsar da su ba.

Abin da ya tabbata shi ne dabarar ta ci. Aka sa ƙoƙon kan yarinyar a cikin wani mutum-mutumi na icce da aka lulluɓe da zinariya, tsayinsa santimita 85, tana zaune bisa kujerar sarauta, da kambi a ka, idanu a buɗe suna kallon mai kallo. Fuskar ta girmi sauran jikin, aikin maƙeran ƙarshen zamanin Rumawa ce aka sake amfani da ita. Shekara bayan shekara masu ziyara suna liƙa mata duwatsu masu daraja da zobba da ƴan kunne, har jikin ya cika maƙil.

A shekara ta 1013 wani malami mai suna Bernard, daga birnin Angers na arewa, wanda ya yi karatu a makarantar Chartres, ya zo ya gani da idonsa. Da farko abin ya ɓata masa rai, domin a arewa ba a saba da irin waɗannan siffofi ba, sai ya ga kamar bautar gunki ce aka sake wa suna. Daga baya ya canza ra'ayi, ya zauna yana tambayar mutane yana rubutawa, ya bar littafin al'ajuban waliyyiyar, wanda wasu suka ci gaba da shi bayansa. Mai karatu na yau ba sai ya gaskata al'ajuban ba kafin ya amfana da littafin, domin a cikinsa ake ganin rayuwar ƙauye ta ƙarni na 11 yadda take: mutumin da alfadarinsa ya mutu a hanya, makaho mai suna Guibert da ubangidansa ya ƙwaƙule wa idanu, barade masu kama mutane su tsare a hasumiya sai an biya fansa. Fursunonin da suka kuɓuta sukan zo Konk da sarƙoƙinsu su ajiye don godiya, kuma sarƙoƙin sun yi yawa har aka ce da ƙarfensu maƙera suka ƙera shingayen da ke kewaye da wurin addu'a, waɗanda suna nan har yau. A cikin littafin waliyyiyar tana da halin yara: takan zo wa mace a mafarki ta nemi zobenta ko awarwaronta, in aka hana ta, ta dame mutum sai ya kawo. Bernard ya rubuta wannan da murmushi, amma ta nan ne zinariyar yankin ta riƙa kwarara zuwa kwarin.

Wani abu kuma ya taimaka. Tun tsakiyar ƙarni na 10 Kiristocin Faransa suka fara tattaki zuwa Kwampostela, a arewa maso yammacin Espanya, inda suke ziyarar kabarin manzo Yakubu. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin nan huɗu tana tashi daga birnin Le Puy, kuma Konk ta zama zango a kanta. Tsohuwar majami'a ta yi kaɗan. Shugaban gidan mai suna Odolric, wanda ya riƙe shugabanci daga 1031 zuwa 1065, ya aza harsashin wadda ake gani yanzu, magadansa suka ci gaba, har zuwa Bégon na uku (1087 zuwa 1107), wanda ya gina farfajiyar ƴan zuhudu mai kewaye da ginshiƙai. Magina sun haɗa dutse iri uku: ja, da rawaya, da mai ruwan toka na wurin. Filin ginin ƙarami ne saboda gangare, sai suka nemi sarari a sama, rufin ya tashi fiye da mita 20. Suka kuma yi wata hanya a bayan wurin addu'a domin taron masu ziyara ya shiga ta gefe guda, ya zagaya ƙasusuwan, ya fita ta ɗaya gefen ba tare da turereniya ba.

A saman babbar ƙofa akwai sassaƙen da ya fi komi suna a Konk, na farkon ƙarni na 12, faɗinsa ya kusa mita 7, ɗauke da siffofi 124. Ranar hisabi ce aka zana wa mutanen da ba su iya karatu ba. A tsakiya Almasihu yana zaune yana hukunci, a ƙasansa ga ma'auni, mala'ika yana awo, wani shaiɗan ya sa yatsa yana danna ɓangarensa. A hannun dama komi a jere yake cikin natsuwa. A hagu kuwa rikici ne tsantsa: an rataye marowaci da jakar kuɗinsa a wuya, ana zare harshen mai tsegumi, barde ya faɗo daga dokinsa da ka, an tuɓe wa sarki kambi, an kuma kama malaman addini a cikin raga kamar kifi. Gidan da ya biya kuɗin aikin bai keɓe masu rawani irin nasa daga wuta ba. A bakin rigar ɗaya daga cikin mala'ikun akwai rubutun Larabci irin na Kufa, alamar cewa hanyar da ke kai masu ziyara Espanya tana dawowa da abin da idanun masu sassaƙa suka gani a kan tufafi da kayan Andalus.

A inuwar wannan gini ne garin ya tsiro. Mai ziyara yana bukatar wurin kwana, da abinci, da kyandir, da takalmi, da wanda zai canza masa kuɗi, sai masu masauki da dukawa da maƙera da ƴan kasuwa suka zo suka gina gidaje a gangaren da ke fuskantar rana. Aka kewaye garin da ganuwa mai ƙofofi, wasu daga cikinsu suna tsaye har yanzu. A farkon ƙarni na 13 mazauna sun riga sun sami wakilai huɗu masu magana da yawunsu a gaban shugaban gidan zuhudu, wanda shi ne mai ƙasa kuma shi ne alƙali. Ƙidayar 1341 ta sami murhu 730 a Konk, wato kimanin mutum 3000. Gidan zuhudun kuwa yana da rassa har Alzas da Ingila da Espanya.

Daga nan rana ta fara yin sanyi. Annobar 1348 da yaƙin shekara ɗari sun rage jama'a, ziyarar Kwampostela ta ja baya, ƙa'idar zuhudu ta saki. A shekara ta 1537 aka sauke ƙa'idar Benedikti gaba ɗaya, aka mai da gidan na limamai masu zaman kansu, kowa da gidansa da rabonsa na kuɗin shiga. A 1568, lokacin yaƙin addini tsakanin Katolika da Furotesta, aka cinna wa majami'ar wuta, hasumiyoyin gaba suka lalace. Annoba ta sake faɗa wa garin a 1628. Da bishop na Rodez ya aika wa limaman ƙauyuka tambayoyi a 1771 game da halin da jama'arsu ke ciki, amsar da ta fito daga Konk ta nuna cewa yawancin gidaje suna yin rabin shekara ba burodi. Abin da ke riƙe da ransu shi ne ɗan itacen da suke kira shatenye, wanda ake busarwa da hayaƙi a ƴan ɗakuna na musamman, a dafa ko a niƙa. Gab da juyin juya halin Faransa, mutanen garin ba su kai 700 ba.

Waɗannan mayunwata ne suka yi sata ta biyu. Juyin juya hali ya rushe tsohon tsari, dokar Disamba 1789 ta mai da kowane ƙauye mai majami'a komin mai magajin gari da majalisa, tsarin da Nijar ta ɗauko siffarsa, ta yi zaɓen kominominta a 2004. Aka kori limaman, aka ƙwace dukiyar coci. A wajen 1792, gwamnati tana yaƙi da sarakunan Turai tana neman kuɗi, sai aka ba da umurnin a tattara zinariya da azurfar majami'u a kai gidan narkewa. Ta haka ne mafi yawan taskokin Faransa na tsakiyar zamani suka zama sulalla. A Konk, magajin gari André Bénazech, wanda shi ma tsohon malamin coci ne, ya tara wasu amintattu. Labarin da garin yake bayarwa shi ne sun zaɓi daren da ake hadari, suka shiga majami'ar da kwanduna, suka kwashe kayan, suka raba tsakaninsu. Wani ya ɓoye nasa a bututun hayaƙi, wani a ɗakin busar da shatenye, wani ya binne a lambu. Da wakilan gwamnati suka iso, aka ce musu ɓarayi sun riga su. Aka yi bincike, ba wanda ya buɗe baki.

Abin da ya fi satar ban mamaki shi ne abin da ya faru bayan ƙura ta lafa. Mutanen da ke kwana da yunwa, kowane da zinariyar da za ta ciyar da gidansa shekaru a ɓoye cikin bango, ba takarda, ba shaida, suka dawo da kayan wurinsu. Dalilin ke nan da ya sa yau Konk take riƙe da ɗaya daga cikin taskokin maƙeran zinariya mafi cika da suka rage a Turai daga ƙarni na 9 zuwa na 16: mutum-mutumin Fwa, da akwatin da ake danganta wa Pepin, da wani abu mai siffar harafin A da ake danganta wa Sharlaman, da fitilar Bégon. Ariviscus ya yi shekara goma yana neman a yarda da shi domin ya ci amana. Manoman Konk sun yi wa hukuma ƙarya a dare ɗaya, suka riƙe amana shekaru.

Bai kamata a mai da su waliyyai ba. Jikokin waɗannan mutane, ko ma su da kansu, su ne suka bar farfajiyar Bégon ta rushe a farkon ƙarni na 19, suka riƙa ɗibar duwatsunta suna gina gidaje da katangu, har abin da ya rage bai wuce ƴan bakuna da wani babban kwarmin ruwa na dutse mai duhun kore ba. Sun kare abin da suke ɗauka a kafaɗa ranar idi, abin da iyayensu mata suka yi wa alkawari a lokacin naƙuda. Farfajiyar kuwa ta ƴan zuhudu ce, talaka bai taɓa shiga ya zauna a cikinta ba, da masu ita suka tafi sai ta zama tarin dutse kawai a idonsa. Komin ɗin ma ba ta da kuɗin gyaran rufin majami'ar, ruwa yana zuba, bango yana tsagewa.

A wannan hali Prosper Mérimée ya same ta a 1837. Ɗaliban faransanci sun san shi da labaran Colomba da Carmen, amma aikin da yake ci da shi shi ne babban sufeton gine-ginen tarihi, yana yawo ƙasa a keken doki yana rubuta abin da ke shirin faɗuwa. Rahotonsa ya sa aka ba da kuɗin gaggawa, majami'ar ta shiga jerin farko na gine-ginen da gwamnati ta ɗauki nauyin karewa, na 1840. A 1873 bishop na Rodez ya kawo wasu ƴan zuhudu na ɗariƙar Prémontré suka zauna a wurin, kuma magadansu suna nan suna karɓar baƙi. Ana cikin gyara, a 1875, magina suka tarar da wani akwati mai rufin fata a ɓoye cikin bango, ɗauke da sauran ƙasusuwan da aka ɓoye tun zamanin yaƙin addini. Aka sake ɗora wa hasumiyoyin gaba kawuna a 1881. Dokar 1905, wadda ta raba coci da gwamnati, ta bar ginin a hannun komin.

Ƙarni na 20 ya ƙara nasa. Wani yaro ɗan Rodez, Pierre Soulages, wanda aka haifa a 1919, ya zo Konk tare da ƴan ajinsu a yawon makaranta, kuma ya sha faɗa daga baya cewa a cikin wannan gini ne ya yanke shawarar ba da ransa ga zane. Ya zama ɗaya daga cikin manyan masu zanen Faransa, sanannen mai aiki da baƙin launi. Tsakanin 1987 da 1994 ya yi wa majami'ar gilasan tagogi 104, ba hoto a jikinsu, ba launi, da wani gilashi da ya sa aka ƙirƙiro musamman domin haske ya shiga ya fito da launin dutsen ba tare da an ga waje ba. Ya rasu a 2022. Malamin da ya kwashi yara ya kai su kallon tsohon gini a ƙauye ya yi aikin da bai san iyakarsa ba. A 1998 hukumar UNESCO ta sa majami'ar da tsohuwar gadar masu ziyara da ke kan Dourdou cikin kayan gadon duniya, a ƙarƙashin hanyoyin Kwampostela na Faransa.

Yau duwatsun Konk sun fi kowane lokaci samun kulawa, baƙi dubu ɗaruruwa suna zuwa kowace shekara, masu tattaki da sanda da jaka sun dawo kan tsohuwar hanya. Amma garin da ya taɓa ɗaukar mutum 3000, waɗanda ke kwana a cikin ganuwarsa rani da damina ba su kai ɗari ba. Gidaje da yawa sun zama masauki da kantunan tsaraba, in sanyi ya shigo sai a rufe tagogi. Ran 1 ga Janairu 2016 komin ɗin Konk ta daina zama ita kaɗai, ta haɗe da maƙwabtanta uku, Grand-Vabre da Noailhac da Saint-Cyprien-sur-Dourdou, suka zama Conques-en-Rouergue, domin kowace ita kaɗai ba ta da jama'ar da za ta ɗauki nauyin kanta.

Taskar tana bayan gilashi yanzu, da ƙararrawar tsaro da ma'aikata masu albashi, kuma hakan daidai ne. Sai dai a daren 1792 ba gilashi ba ne ya tsare ta, ba kuma doka ba, domin doka ce ma ta zo karɓarta. Abin da ya tsare ta shi ne akwai mutane a wurin da suka san kowane yanki da sunansa, suka san bangon da za su ɓoye shi, suka san maƙwabcin da ba zai tona ba. Kowace shekara a watan Oktoba, lokacin idin waliyyiyar, ana fito da mutum-mutumin daga taska a ɗauke shi cikin jerin gwano zuwa majami'a. Sai dai kafaɗun ƴan garin da za su ɗauke shi suna ta raguwa.